Zaman hukumar tsara gari a Amurka: wa ke yanke hukunci kan fili, kuma wace magana ake saurare?

Tambaya: Ina zaune a wani ƙaramin gari a Amurka. Ofishin birni ya aiko mini da wasiƙa cewa hukumar tsara gari za ta yi zaman sauraron jama'a kan buƙatar wani kamfani na gina gidajen haya masu hawa uku a filin da ke bayan layinmu. Maƙwabta sun fara tara sa hannu don a hana. Yaya ake gudanar da irin wannan zama, wa ke da wuƙa da nama, kuma zuwanmu zai canza wani abu?

Amsa: Malam, zuwanku zai iya canza abu, amma ba ta hanyar da maƙwabtanka suke zato ba. Mafi yawan masu zuwa irin wannan zama suna ɗaukarsa kamar ƙuri'ar jin ra'ayi, wato ɓangaren da ya fi cika ɗaki shi ke da nasara. Wani lokaci hakan ne, wani lokaci kuma cika ɗakin ba ya ƙara komai, har ma yakan jawo a rushe hukuncin a kotu. Abin da ke raba biyun yana cikin wasiƙar da ke hannunka. Koma ka duba ainihin abin da kamfanin ya nema, ka rubuta lambar fayil ɗin, domin komai daga nan yake tasowa.

Ikon tsara amfani da ƙasa na jihohi ne, su ne suke damƙa shi ga birane da gundumomi, shi ya sa dokar Ohayo ba ita ce ta Tekzas ba. Duk da haka akwai kamanni sosai, saboda yawancin jihohi sun kwafi samfurin doka ɗaya ne, wanda Ma'aikatar Kasuwanci ta tarayya ta buga a 1924 ta sake gyarawa a 1926, zamanin da Herbert Hoover ke shugabantar ma'aikatar, sannan ta biyo da na kafa hukumomin tsara gari a 1928. A 1926 ɗin ne Kotun Ƙoli, a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler, ta tabbatar cewa gari yana da hurumin raba ƙasarsa shiyya-shiyya: nan gidaje, can shaguna, can masana'antu, kowace shiyya da iyakar tsawon gini da tazararsa daga titi. Ita hukumar, mutum 5 ne ko 7 ko 9 galibi, magajin gari ko majalisar birni ke naɗa su na shekara 3 ko 4. Ba ma'aikata ba ne, mazauna garin ne masu sana'o'insu, kuma da yawa ba a biyansu sai ɗan alawus na zama. Ƙwararrun su ne ma'aikatan sashen tsara gari da lauyan birni da za ka gani zaune a gefe.

Yanzu ga nau'in buƙata. Idan filin yana shiyyar gida ɗaya-ɗaya ne, kamfanin kuma yana so a mayar da shi shiyyar gidajen haya, to sauya shiyya ya nema. Wannan gyaran doka ne, kuma a mafi yawan jihohi hukumar tsara gari ba ta da ikon yanke shi. Shawara kawai take bayarwa, majalisar birni ta zaɓaɓɓun kansiloli ce ke da ƙuri'ar ƙarshe. A nan ra'ayi yana da daraja, yawan jama'a yana da daraja, kuma kotu ba ta cika tsoma baki ba muddin hukuncin abu ne da masu hankali za su iya saɓani a kai. Ma'aunin da ake dubawa shi ne babban kundin tsarin gari, wanda ke nuna abin da ake so kowane yanki ya zama nan da shekara 20 ko makamancin haka. A jihohi irin su Oregon da Kalifoniya da Fulorida, doka ta wajabta sauyin ya dace da wannan kundi.

Idan kuwa filin dama yana shiyyar da aka ce ana iya gina gidajen haya bisa sharaɗi, to izini mai sharaɗi ya nema, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Hukumar ta daina zama mai ba da shawara kan doka, ta koma kamar alƙali. Dokar gari ta riga ta jera ma'auni, wataƙila 5 ko 6: titin zai ɗauki motocin? akwai isasshen ruwa da magudana? ginin zai dace da na kewaye? Aikin hukumar shi ne ta ɗora shaidar da aka gabatar a kan waɗannan ma'aunai, ba ta ƙirƙiro wasu a ɗaki ba. A wasu jihohi har rantsar da masu magana ake yi, kuma lauyan kamfani yana da damar yi musu tambayoyi. Mai nema da ya cika kowane ma'auni yana da haƙƙin samun izininsa ko da unguwa gaba ɗaya ta fito. Wasu jihohin ma sun shigar da sauya shiyyar ƙaramin fili cikin wannan rukuni: Oregon ta yi haka a shari'ar Fasano ta 1973, Fulorida a shari'ar Snyder ta 1993.

Akwai kuma neman sassauci, wato a ɗaga wa mutum ƙafa kan wata ƙa'ida ta awo, kamar tazarar ƙafa 25 daga titi. Sau da yawa wani kwamiti ne daban ke jin wannan. Sharaɗinsa mai tsauri ne: matsalar ta zama daga filin kansa take, siffarsa ko gangarensa ko dutsen da ke cikinsa, ba daga aljihun mai shi ba, kuma ba shi ya jawo wa kansa ba. "Zan fi samun riba" ba hujja ba ce. Na ƙarshe shi ne duba zanen fili ko yanka fili zuwa fulotai, inda ikon hukumar ya fi ƙanƙanta. Idan zanen ya cika ƙa'ida, sa hannu ya zama dole.

Gaskiyar da ba a faɗa wa maƙwabta ita ce, kafin ranar zama an riga an yi mafi yawan aikin. Kamfanin ya shafe watanni yana kai-kawo da ma'aikata, injiniyan birni ya duba magudana, 'yan kwana-kwana sun duba ko motarsu za ta iya juyawa, an gyara zane sau biyu ko uku. Sakamakon duk wannan shi ne rahoton ma'aikata, wanda ke bin ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare da shawara: a amince, a amince da sharuɗɗa, ko a ƙi. Ana sa shi a shafin intanet na birni tare da ajanda. A Kalifoniya dokar Brown ta 1953 ta ce a manna ajanda awa 72 kafin zama na yau da kullum, wata dokar jihar daban kuma ta ce a aika sanarwar sauraro ga masu filaye da ke cikin ƙafa 300 aƙalla kwana 10 kafin ranar. A Oregon rahoton ma'aikata dole ya fito kwana 7 kafin zama. Wanda ya je bai karanta rahoton nan ba, ya je kallo ne. Kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗin yana kan wasiƙar, aikinsa ne ya amsa tambayoyinka, kuma takardar da ka aika masa da wuri takan shiga cikin kundin da 'yan hukumar ke karantawa a gida. Wadda aka miƙa a bakin ƙofa ana karɓa, amma babu mai lokacin nazarinta.

Shi zaman kansa yana da tsari da ba ya cika sauyawa. Ana kiran sunayen 'yan hukumar a tabbatar adadin da ake buƙata ya cika, galibi fiye da rabi. Ana amincewa da bayanin zaman baya. Sai jerin abubuwan da ake ganin babu gardama a kansu, waɗanda ake zartarwa da ƙuri'a ɗaya a dunƙule. Ka lura da wannan, domin idan batunku yana ciki, sai ka nemi a fitar da shi, in ba haka ba zai wuce cikin minti ɗaya kana zaune. Idan an zo kan batun, shugaba ya buɗe sauraro, ya tambayi 'yan hukumar ko akwai mai wata alaƙa da batun ko wanda ya gana da wani ɓangare. Jami'i ya gabatar da rahoto, mai nema ya samu minti 10 ko 15, sannan jama'a, kowa ya cike ɗan kati da sunansa, a ba shi minti 3 a mafi yawan garuruwa, wani lokaci 2 idan an yi yawa. Akwai agogo, kuma ana katse mutum. Bayan jama'a, mai nema ya sake tashi ya mayar da martani, domin nauyin kawo hujja a wuyansa yake. Daga nan shugaba ya rufe sauraro. Da zarar ya rufe, bakinka ya mutu sai in an tambaye ka, kuma ba a karɓar sabuwar shaida.

To me za ka yi da minti 3? A ce mutum biyu sun tashi. Na farko ya ce shekararsa 22 a layin, unguwa ce mai natsuwa, wannan gini zai lalata ta, motoci za su yi yawa, darajar gidaje za ta faɗi. Aka tafa masa, shugaba ya ce a daina tafi. Ta biyu ta tashi da takarda shafi biyu. Ta ce ma'auni na uku a sashen izini mai sharaɗi ya buƙaci mashiga mai aminci, ƙa'idar injiniyan birni ta buƙaci direban da zai fito ya iya hango ƙafa 250, amma zanen da ke shafi na 14 ya sa ƙofar ƙafa 140 kacal daga kwanar da shinge ya kare, ga hotuna huɗu da aka ɗauka daga daidai wurin. Ta ƙara da cewa binciken motoci da kamfanin ya kawo an yi ƙidayarsa ne a watan Yuli, lokacin da makarantar da ke ƙarshen layin take hutu. Ta roƙi a mayar da ƙofar ɗaya titin, ko a ɗage zama a sake ƙidaya. Na farko ya fi taɓa zuciya, amma babu abin da ɗan hukuma zai iya rubutawa daga maganarsa. Ta biyu ta ba su abin da za su kafa hukunci a kai, ta kuma ba su mafita wadda ba ƙi gaba ɗaya ba. Irin wannan roƙo ne ya fi samun karɓuwa.

Wannan ba batun salo ba ne kawai. A Karolina ta Arewa doka ta fito fili ta ce ra'ayin wanda ba ƙwararre ba kan faɗuwar darajar gidaje, ko kan cewa ƙarin motoci zai jawo haɗari, ba ya zama karɓaɓɓiyar shaida a zama irin na alƙalanci. Abin da ka gani da idonka shaida ne: ruwa na kwanciya a kusurwar nan duk lokacin da aka yi ruwan sama, ga hoto, ga kwanan wata. Hasashen abin da zai faru kuwa na injiniya ne ko mai ƙiyasta darajar gida. Da kuɗin da maƙwabta za su kashe wajen buga alluna, gara su haɗa su ɗauki injiniyan hanya ya duba binciken kamfanin.

Akwai maganganun da ba su da amfani kawai, akwai kuma masu cutarwa. Duk wata magana kan irin mutanen da za su zauna a gidajen, launinsu ko addininsu ko ƙasarsu ko yawan 'ya'yansu, tana cikin masu cutarwa, domin ana naɗar zaman, kuma lauyan kamfani zai kai wa alƙali ita kalma bayan kalma. Dokar adalci a gidaje ta 1968, wadda aka faɗaɗa a 1988 ta haɗa da naƙasassu da iyalai masu yara, ta hana gari yanke hukunci a kan wannan. Tun 1985, a shari'ar garin Cleburne na Tekzas, Kotun Ƙoli ta rushe hana izinin wani gida na mutum 13 masu naƙasar fahimta, ta ce tsoron maƙwabta shi kaɗai ba dalili ba ne. Wuraren ibada suna da kariyar wata dokar tarayya ta 2000. A garin Bernards na jihar Niyu Jazi, hukumar tsara gari ta yi zama 39 kan neman gina masallaci, ta buƙaci wurin ajiye mota 107 a inda ƙa'idar da ake yi wa coci za ta ba da 50, sannan ta ƙi a ƙarshen 2015. Kotun tarayya ta ce an nuna bambanci, kuma a 2017 garin ya amince ya biya dala miliyan 3.25, ya bar a yi ginin. Haka nan hasumiyar sadarwa: dokar 1996 ta hana gari ƙin ta saboda tsoron illar igiyar rediyo matuƙar ta cika ƙa'idar tarayya.

Wani kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne bin 'yan hukuma gida ko kiransu a waya. Idan sauya shiyya ne irin na yin doka, galibi babu laifi ka yi magana da kansila, aikinsa ke nan. Idan zama ne irin na alƙalanci, ganawar bayan fage ce, daidai da tare alƙali a hanya. Wasu jihohi sun hana, wasu sun ce dole ɗan hukumar ya bayyana a bainar jama'a wa ya gani da abin da aka faɗa. Ka yi ta bin mai goyon bayanku har ya furta matsayinsa kafin a ji shaida, sai lauyan kamfani ya nemi ya janye daga ƙuri'a, kun rasa shi ke nan. Su ma 'yan hukumar an ɗaure su: dokokin zama a bainar jama'a sun hana mafi rinjayensu tattauna batun a waje, ko da ta hanyar saƙon da wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura wa na gaba. Ɗan hukumar da ke da fili kusa da wurin, ko mai hulɗar kuɗi da kamfanin, shi ma janyewa yake yi, a wurare da yawa har ya fita daga ɗakin.

Bayan rufe sauraro sai muhawara tsakaninsu. Wani ya gabatar da ƙuduri, wani ya mara masa baya, a kaɗa ƙuri'a. Idan aka yi kunnen doki, ƙudurin ya faɗi, kuma ma'anar hakan ga mai nema ta dogara da dokar garin. Ba kasafai ake ƙarewa da e ko a'a tsantsa ba. Abin da ya fi yawa shi ne amincewa da sharuɗɗa: katanga mai ƙafa 6 a iyaka, jerin itatuwa, fitilun da ke haska ƙasa kawai, rage hawa na uku a ɓangaren da ke kallon gidaje, kayyade lokacin aikin gini. Sharaɗi ma yana da iyaka. Shari'ar Nollan ta 1987 da ta Dolan ta 1994 sun kafa cewa abin da gari zai karɓa daga mai fili dole ya kasance yana da alaƙa da matsalar da ginin zai haifar, kuma girmansa ya yi daidai da girmanta. Ba za a ce mai gidaje 24 ya gyara titin gari gaba ɗaya ba. Ka kuma tabbata duk alkawarin da wakilin kamfani ya yi a gaban makirufo an karanta shi cikin ƙudurin. Alkawarin baki da bai shiga takarda ba, ranar da aka sayar da filin ga wani ya bi ruwa.

Abin da hukumomi suka fi yin tuntuɓe a kai shi ne rubuta dalilai. Ɗaki ya yi zafi, dare ya yi nisa, sai wani ya ce a ƙi domin bai dace da unguwa ba, a kaɗa ƙuri'a a tashi. Rahoton ma'aikata kuwa ya ce an cika kowane ma'auni. Irin wannan hukunci ba ya kai labari a kotu. Kotun Ƙolin Kalifoniya a shari'ar Topanga ta 1974 ta ce dole dalilan su nuna hanyar da aka bi daga ɗanyar shaida zuwa hukunci. Shi ya sa za ka ga lauyan birni ya katse su ya ce, wane ma'auni ne bai cika ba, kuma wace shaida ce ta nuna haka? Hukuma mai hankali takan ɗage batun zuwa zama na gaba don a rubuta dalilan a tsanake. Sai dai ɗagewa ma tana da iyaka, domin agogo na tafiya: a Oregon kwana 120 ne daga ranar da takardun nema suka cika, a Minesota kwana 60 ne da damar ƙari, kuma can idan wa'adi ya wuce ba a ƙi ba, doka ta ɗauka an amince.

Wani abin lura a gefe: 'yan hukuma masu gogewa sun san cewa masu zuwa zama ba su ne garin ba. Binciken da malaman Jami'ar Boston suka yi kan bayanan zama na garuruwa 97 da ke kewayen birnin ya gano cewa kusan kashi 15 cikin 100 ne kawai na masu magana suka goyi bayan sababbin gidaje, kuma masu maganar sun fi karkata ga manya da masu gidan kansu. Wanda zai zauna a gidan da ba a gina ba tukuna ba shi da wasiƙa, ba ya zuwa. Saboda haka kada ka yi mamaki idan mutum 30 sun ce a'a, hukuma ta ce e. Kafin ka sa hannu a takardar maƙwabta, yana da kyau ka karanta zanen da kanka, wataƙila abin da ya dame ka ƙofa ce ko magudana, ba ginin ba.

Game da sa hannun da suke tarawa: takardar koke ta gama-gari nauyinta na siyasa ne kawai. Amma idan sauya shiyya ne, jihohi da yawa sun riƙe wani tanadi daga samfurin 1926, wanda ya ce idan masu kashi 20 cikin 100 na filayen da abin ya shafa ko na maƙwabtaka suka shigar da ƙin amincewa a rubuce, majalisa ba za ta iya zartarwa ba sai da kashi uku cikin huɗu na mambobinta. A majalisa mai mutum 7, ƙuri'a 6 ke nan maimakon 4. Faɗin fili ake ƙirgawa, ba yawan kawuna ba, mai gida ne ke sa hannu ba ɗan haya ba, kuma akwai ranar rufe karɓa. Ba ko'ina yake aiki ba, Karolina ta Arewa ta soke nata a 2015, don haka ka tambayi magatakardar birni ko naku yana nan da kuma takardar da ake cikewa.

Idan hukuncin bai yi muku daɗi ba, hanyar ɗaukaka ƙara gajeriya ce ƙwarai. Daga hukuma zuwa majalisar birni, garuruwa da yawa kwana 10 zuwa 15 suke bayarwa, da kuɗin shigar da ƙara. Daga majalisa zuwa kotu, kwana 30 ne a jihohi da dama, 90 a Kalifoniya, 21 a Oregon inda wata hukumar ƙararrakin filaye ta musamman ke ji. Alƙali ba zai sake sauraron shaidu ba, fayil ɗin da aka tara a zaman zai karanta. A jihohi da yawa ba ka da ikon ɗaukaka ƙara sai ka yi magana ko ka aika takarda tun farko, kuma ba za ka iya ta da batun da ba a ta da shi a gaban hukuma ba. Don haka ko da minti 3 ba za su ishe ka ba, rubuta kowace hujja, sa lambar fayil da sunanka da adireshinka, miƙa wa magatakarda kafin a rufe sauraro, ka ce a sa ta cikin fayil, ka riƙe kwafi mai hatimin ranar da aka karɓa.